Hedimasta Ya Koma Aji Ɗaya

Hedimasta ya daɗe da yin ritaya daga shugabancin makarantar firamare a Birnin Kebbi, amma har yau babu mai kiransa da sunan yanka. Vespa ɗinsa ya saye ta a 1989, tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, shekara 2 kafin a yanke ta, kuma duk wanda ya yi firamare a unguwar ya san ƙarar salansarta fiye da ƙarar ƙararrawar shiga aji. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan gyaranta kuma suka yi wuyar samu, ya daure iyakar daurewa, daga bisani ya jingine ta a zaure, ya hau mota zuwa Jega neman babur na hannu. Ya tafi da Bakanike, wani tsohon ɗalibinsa da ya maimaita aji huɗu sau biyu.

DILLALI: Ranka ya daɗe, barka da isowa. Mutum uku suka taya wannan babur yau na hana su, ban kuwa san dalilin hana su ba sai da na hango ka.

HEDIMASTA: Shekara 35 na yi ina sauraron yaran da ba su yi aikin gida ba, saboda haka na san muryar mai shirya zance. Wane ne mai shi, kuma me ya sa zai rabu da shi?

DILLALI: Wani bawan Allah ne mai natsuwa, wanda ba ya hawansa sai daga gida zuwa masallaci, masallacin kuwa a jikin gidansa yake. Boxer ne na kamfanin Bajaj, ɗan Indiya. Dubi ledar tankin ma ba a cire ba.

BAKANIKE: Allah gafarta Malam, ledar sabuwa ce, babur ɗin ne dai ya ga jiya ya ga yau. Ka sunkuya ka shinshina kujerar.

HEDIMASTA: Albasa nake ji.

BAKANIKE: Ta Aliero ce, Malam. Dubi shokozoban baya yadda ya durƙusa kamar jakin da ya dawo daga kasuwa. Buhu uku-uku ake ɗora wa wannan.

DILLALI: Ai na gaya muku bawan Allah ne, yana taimakon maƙwabta.

HEDIMASTA: Amma ga mita tana nuna kilomita 4,000 kacal.

BAKANIKE: Wayarta a tsinke take, ga ta nan tana lilo a gefen tayar gaba. Tun ranar da ta kai wannan adadi ta yi ritaya, ta bar babur yana ci gaba da aiki, kamar dai yadda Malam ya bar...

HEDIMASTA: Ka ƙarasa mana.

BAKANIKE: Na manta sauran, Malam.

Daga nan Bakanike ya dafa inji da bayan hannu, ya tambayi dalilin da ya sa yake da ɗumi alhali rana ba ta yi ba. Wannan tambaya ce da ya kamata duk mai sayen babur na hannu ya haddace, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona asirin kansa, dillalai kuma sun fi kowa sanin haka. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu, ya ce an zuba mai kauri don a rufe bakin ƙarar inji. Ya nuna haƙoran sufoket da suka yi tsini kamar na zarto, ya ɗaga sarƙa ta yi sako-sako, sa'annan ya sa aka tayar da babur, ya tsuguna a bayan salansa yana duban launin hayaƙi.

BAKANIKE: Injin bai mutu ba, Malam. Zai ci sarƙa da sufoket da shokozoba, nan gaba kuma zai nemi ringi, amma ƙashinsa lafiya lau. A rage kuɗin waɗannan daga farashi.

DILLALI: Wannan yaro da shi ka zo, ko kuwa maƙiyana ne suka turo shi?

HEDIMASTA: Ba ni rasit.

A nan ne Hedimasta ya samu abin da ya iya. Ya sa tabarau, ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya sa Bakanike yana karanto lambar inji da lambar shasi daga jikin ƙarfe, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya a takarda yana yi musu maki. Lambobin suka dace, amma bai mayar da takardar ba sai da ya gyara kuskuren rubutu guda biyu.

HEDIMASTA: Nawa?

DILLALI: Saboda girmanka, naira dubu 700.

HEDIMASTA: Girmana ya yi tsada. Dubu 500.

DILLALI: Albarka.

Aka yi ta ja har aka tsaya a dubu 580, ban da la'ada. Hedimasta ya ce ba zai ƙirga ko sisi ba sai mai babur ya zo da kansa an rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu, domin babur ɗin da ba a san asalinsa ba yakan kai mai shi inda bai yi niyyar kwana ba. Da bawan Allah ya iso, sai ga ɓawon albasa a hularsa.

HEDIMASTA: Saura abu ɗaya. Ina safaya?

DILLALI: Boxer ba ya zuwa da safaya, ranka ya daɗe.

HEDIMASTA: Vespa tana goye da tata tun daga Italiya. Abin hawa babu safaya ai makaranta ce babu mataimakin hedimasta.

Bakanike ne ya tuƙo babur ɗin ta Kalgo zuwa gida, Hedimasta yana baya yana ba shi umarni. Washegari da hantsi suka haɗu a wani filin ƙwallo a Badariya. Hedimasta ya zo da babbar riga mai aska, ya tsaya a gefen babur yana dubansa sama da ƙasa.

HEDIMASTA: Ta ina ake shiga?

BAKANIKE: Ba a shiga, Malam, hawa ake yi. Ka tattare riga, ka ɗaga ƙafar dama ka wurga ta ta bayan kujera, kamar mai hawan doki.

HEDIMASTA: Vespa takan buɗe maka gaba ka shiga ka zauna cikin mutunci, ƙafafu a haɗe a kan dandamali, kamar kana ofis. Wannan kuwa so yake dattijo ya ɗaga ƙafa gaban jama'a.

BAKANIKE: Babu jama'a, Malam, awaki ne. Ka kuma cusa hannayen rigar a ƙarƙashinka, domin sarƙa da sipok ɗin tayar baya ba su san aska ba, in suka kama ta har wuya za su ja ka.

Ya hau. Amma da ya zauna sai ya karkata wajen hagu, kamar yadda ya saba zama shekara da shekaru don ya rama nauyin injin Vespa, wanda yake ta gefen dama.

BAKANIKE: Malam, zauna a tsakiya. Injin wannan a tsakiya yake.

HEDIMASTA: A tsakiya nake.

BAKANIKE: To, babur ɗin ne ke nan ya matsa dama. Taka kik.

Ya taka sau biyu bai tashi ba. Kafin Bakanike ya buɗe baki, Hedimasta ya sauka, ya kwantar da babur ta gefen dama har madubi ya kusa taɓa ƙasa, ya riƙe shi a haka yana ƙirge a zuci.

BAKANIKE: Subhanallahi! Me ya yi maka?

HEDIMASTA: Haka ake yi don mai ya gangara. Kowane mai Vespa ya san wannan.

BAKANIKE: Ba ka murɗa makulli ba ne, Malam.

HEDIMASTA: Ina sane. Gwada ka nake yi.

Da inji ya tashi, aka zo kan babban darasi. A Vespa giya a hannun hagu take: ka matse kuloci, ka murɗa mariƙin gaba ɗaya, lambobi suna rubuce a gabanka kana gani. A Boxer kuloci ne kaɗai a hannun hagu, giya kuwa tana ƙarƙashin ƙafar hagu, ƙarfe ne mai kai biyu, ɗaya na yatsu ɗaya na diddige.

BAKANIKE: Matse kuloci, ka taka gaba da yatsu, ka shiga ta ɗaya ke nan. Duk takawa gaba ƙari ce har zuwa ta huɗu, takawa da diddige kuma ragi. In koriyar fitila ta kama, kana furi.

HEDIMASTA: Watau tarawa da ɗebewa.

BAKANIKE: Su ne, Malam.

HEDIMASTA: Abin da ya tsayar da kai a aji huɗu.

BAKANIKE: Shi ne, Malam. Matse kuloci.

Hedimasta ya matse, sa'annan hannunsa na hagu, wanda bai nemi izinin kowa ba, ya shiga murɗa mariƙi da ƙarfi. Mariƙi ya ƙi juyawa, ya ƙara ƙarfi, sai ga robar ta suɓuce ta biyo hannunsa.

HEDIMASTA: Ka gani ko? Giyar ta cire. Dillalin nan ya cuce ni.

BAKANIKE: Ƙafa, Malam, ƙafa! Maimaita: giya a ƙafa take.

HEDIMASTA: Ni za ka ce wa maimaita?

BAKANIKE: Kai ka koya mana cewa abin da baki ya maimaita kai ba ya mantawa.

HEDIMASTA: Giya a ƙafa take.

BAKANIKE: Ban ji na baya ba.

HEDIMASTA: Ka yi hankali, har yanzu bulalata tana nan a bayan ƙofa.

Ya taka giya, ta shiga da ƙara. Bakanike ya ce a saki kuloci a hankali ana ƙara totur kaɗan-kaɗan, kamar mai sauke ƙwaryar nono cike. Hedimasta ya sake shi gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle kamar ɗan akuya, hula ta yi baya, awaki suka watse, shi kuwa ƙafafunsa biyu suna lalube a gaba suna neman dandamalin da babu shi. Ragar gola ce ta tare shi, kuma har ga Allah wannan ita ce ƙwallo mafi tsafta da aka taɓa jefawa a filin.

BAKANIKE: Malam, ka ji ciwo?

HEDIMASTA: Birkinsa nake gwadawa.

BAKANIKE: Ai ba ka taka shi ba. Shi kaɗai ne ma abin da bai canza ƙafa ba, yana dama kamar na Vespa. Kullum kana ce mana icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

HEDIMASTA: Ban ce busasshe ba ya tanƙwaruwa ba. Cewa na yi yana bukatar jiƙo.

Kwana huɗu ana jiƙo. A rana ta biyar Bakanike yana buɗe rumfarsa a Bayan Kara sai ya hango hayaƙi yana tahowa, da ya matso kuma sai ga Hedimasta a cikinsa.

BAKANIKE: Malam, me ka ba shi?

HEDIMASTA: Haƙƙinsa. Kashi 2 cikin 100 na baƙin mai a cikin fetur, da gwangwanin tumatirin da nake awo da shi tun kana wasan ƙasa. Ganin ya gaji, na ninka masa.

BAKANIKE: Wannan abincin Vespa ne, domin injinta a cikin fetur yake samun maiƙonsa. Boxer yana da ma'ajin baƙin mansa daban a ƙasan inji, tanki kuma fetur zalla yake so. Yanzu sai an juye tanki an wanke fulogi. Ba ni gwangwanin.

HEDIMASTA: Ba zan bayar ba.

BAKANIKE: Duk abin da aka kama ɗalibi da shi a aji, sai ƙarshen zango ake mayar masa. Dokarka ce.

Bayan mako biyu Hedimasta ya fara fita titi shi kaɗai, ko da yake hannun hagu yakan ɗan murɗa a duk kwana, kuma bai taɓa wuce giya ta biyu ba, yana cewa ta uku da ta huɗu na matasa ne. Wata ranar Laraba ya dawo gida bayan la'asar da ƙura a gira, ya zauna a tabarma bai ce komai ba.

UWARGIDA: Malam, sannu da zuwa. Cefanen fa?

HEDIMASTA: Ban kai ga kasuwa da niyyar kaina ba. Inji ne ya mutu mini a mahaɗar Gesse, ina neman furi da diddige, sai kawai na ji babur ya nutse. Ina waiwayawa na ga wani ƙato ya zauna a bayana da kaji biyu, ya ce, mai kabu-kabu, kasuwa.

UWARGIDA: Kai ɗin? Ai na faɗa maka sabo turken wawa, amma ban san babur ma yana da nasa sabon ba. Shekara nawa kana kan Vespa babu wanda ya taɓa tsayar da kai sai don gaisuwa. Ba ka gaya masa ko kai wane ne ba?

HEDIMASTA: Na buɗe baki zan gaya masa, sai inji ya tashi, na kuwa ji tsoron in na tsaya bayani zai sake mutuwa.

UWARGIDA: Sai ka kai shi?

HEDIMASTA: A giya ta biyu. Da ya sauka ya ce bai taɓa hawa bayan mai natsuwa irina ba, sai dai in rage ɗaukar albasa. Ya miƙo mini naira 300.

UWARGIDA: Ka dai mayar masa da kuɗinsa.

HEDIMASTA: Hannun hagu ne ya karɓa, kin kuwa san ba ya jin maganata.

UWARGIDA: To, miƙo su da na dama, a sayo daddawa. Gobe kuma ka fita da wuri, ka bar babbar rigar a gida.