Mai jarkar ban-ruwa da mai kai wa ɓarayin daji fetur: a daina yi musu kuɗin goro

A cikin kakar 2021, bayan gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara, na hau motar haya daga Gusau zuwa Talata Mafara. A wani shinge aka sauke mu kaf. A ƙarƙashin kujerar baya aka zaro galan guda na fetur, an naɗe shi da buhun taki. Mai shi dattijo ne, kaushin ƙafarsa kaɗai ya isa shaida cewa a fadama yake wuni. Ya durƙusa yana cewa, “Ranka shi daɗe, injimin ban-ruwa zan zuba ma. Irin albasata ya kwana ukku bai sha ruwa ba.” Kafin ya rufe baki wani fasinja ya ce, “Irinsu ne masu kai wa mutanen daji.” Nan take fuskokin mutane suka canza.

Dattijon ya karya doka, wannan babu ja. Har ɓoye galan ɗin ya yi, alamar ya san an hana. Amma kalmar da fasinjan ya jefa masa wata tuhuma ce dabam, mai nauyin da a wasu ƙauyukanmu kan kai mutum kabari kafin ta kai shi gaban alƙali. Tsakanin “ya saɓa umarni” da “ya haɗa baki da masu kashe mu” akwai rata mai faɗi, kuma sunan ratar nan niyya.

Abin mamaki shi ne wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Yaron da ya fara karatun hadisi a zaure da “Innamal a'amalu binniyyati” yake buɗe baki. A Suratun Nisa'i, aya ta 92 ta yi maganar wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga dangin mamaci, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Aya ta 93 da ke bi mata ta yi maganar mai ganganci, da narkon wuta da fushin Allah. Gawa ɗaya ce, makoki ɗaya ne, amma hukuncin ya rabu tun daga zuciyar wanda ya aikata. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar fari da yunwa. Da bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a suka sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka, da ya gane yunwa ake gana musu, bai yanke hannunsu ba, ubangidansu ya ci tarar ninkin kuɗin raƙumar. Jihar da ta riga kowace ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999 bai kamata a tuna mata wannan ba.

Dokar boko ma haka ta ce. Kundin Final Kod, na hukunta laifuka, da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 bai kira ɗaukar kayan wani sata ba sai an yi shi da nufin cuta, kamar yadda sashe na 286 ya fayyace. Wanda ya fito masallaci ya zura takalmin wani yana zaton nasa ne ba ɓarawo ba ne. Sashe na 221 bai yanke hukuncin kisa ba sai ga wanda ya yi nufin kashewa, ko ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da aikinsa zai haifar.

Na san amsar jami'in da ke tsaye a shinge, kuma tana da ƙarfi. Zai ce shi ba ya ganin zuciya, kowane mai jarka da labarin albasa yake zuwa, fetur ɗin da ke tuƙa baburan da ke afka wa Zurmi da Maru da Tsafe ba daga sama yake saukowa ba. Gaskiya ne. Shi ya sa ake da dokokin da ba ruwansu da niyya. Mai kabu-kabun da ya wuce lokacin da aka ƙayyade, ko direban da lasisinsa ya mutu, ba a tambayarsa abin da ke ransa kafin a ci tararsa. Kuma rashin mugun nufi ba ya hana ɓarna. A 2010, gubar dalma ta kashe ƙananan yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana dakan duwatsun zinare a cikin gidaje, wani wuri da turmin da ake daka hatsi. Babu uban da ya yi nufin kashe ɗansa. Yaran sun mutu duk da haka, kuma da akwai ƙa'ida mai tsauri da ake bi, da ba a kai can ba.

To, a ƙwace galan, a ci tara, a ba da rasit. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki hukuncin mai saɓa ƙa'ida a ɗora masa sunan maci amana. Tara ba ta buƙatar a binciki zuciya. Amma tsare mutum wata da watanni, ko jera shi gaban 'yan jarida a matsayin mai taimakon 'yan bindiga, wannan yana buƙatar hujja a kan abin da ya nufa ko abin da ya sani.

Kuma ƙarya ne a ce niyya ba ta ganuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A shari'a kuwa sawu ake bi. Galan ɗaya ne ko jarka ashirin? Hanyar fadamar Bakolori ya nufa da rana tsaka, ko hanyar daji da sulusin dare? Yana da injin, yana da gona, maigari ya san shi? Nawa ake biyansa? Wanda ake sayen fetur a hannunsa ninki uku na farashin gidan mai, a bakin daji, daga mutane masu rataye da bindiga, ba zai ce bai sani ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin wannan, ko bai taɓa riƙe bindiga ba, abokin aikinsu ne, kamar yadda ɓarawon zaune yake ga ɓarawon shanu. Tambayoyin nan ba sa cin awa ɗaya. Gajiya da tsoro ne ke sa a tsallake su, wani lokacin kuma abin da za a samu in an tsorata mutum.

Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni tausayi, mutanen ƙauyukan da ɓarayi suka mamaye, ake aiken su sayo burodi da katin waya da magani, wanda ya ƙi a ƙona masa rumbu. Gaba kura, baya sayaki. Malaman fiƙihu sun yi wa tilas babi guda, ba don wasa ba. Wanda hukuma ta kasa tsarewa, da wane ido za ta kira shi maci amana?

Ko ta fuskar tsaro kaɗai, kuɗin goro asara ne. Manomin da aka shafa wa kashin kaji a kan galan guda, gobe in ya ga baƙin babura sun ratsa ta bayan gonarsa, bakinsa zai ja ya yi shiru. Shi kuwa dillalin gaske, mai jarkoki a ƙarƙashin buhunan gero, ya samu taron da zai ɓuya a ciki.

Ranar nan a shinge, wani malami ne a cikinmu ya tsaya wa dattijon. Ya tambaye shi sunan ƙauyensu da na maigarinsu, ya sa ya nuna tafin hannunsa, direban ma ya shaida ya saba ɗauko shi da buhunan albasa. Aka riƙe galan, aka bar shi ya koma mota. Har muka isa Mafara bai ce uffan ba. Fasinjan da ya jefa masa kalmar yana kujerar gaba yana cin gyaɗa.