Yaƙin Koriya da mutanen da aka kashe saboda sunan da aka laƙaba musu

Duk ranar da Koriya ta Arewa ta gwada makami mai linzami, sai na ga jama'armu sun rabu gida biyu: masu jinjina mata saboda ta tsaya wa Amurka ido da ido, da masu yi mata kallon ƙasar da ta bar talakawanta da yunwa tana ƙera makamai. Abin da ke damuna shi ne dukkan ɓangarorin biyu suna ba da labarin kamar wasan dara ne tsakanin Amurka da Rasha, su kuwa Koriyawa 'ya'yan dara ne kawai da ake turawa. A ganina yaƙin da aka gwabza daga 1950 zuwa 1953 yaƙin basasa ne tun kafin ya zama na duniya, kuma ɗimbin waɗanda suka mutu a cikinsa manoma ne da masunta da aka ce musu 'yan gurguzu ko maƙiyan gurguzu, aka kashe su a kan sunan, alhali da yawansu ba su san ma'anar ko ɗaya ba.

Ba na wanke manyan ƙasashe. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kuma da ta faɗi a Yaƙin Duniya na Biyu, wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira a dare ɗaya cikin watan Agustan 1945, suka zaɓi layin digiri 38 domin babban birni Seoul ya faɗa a ɓangarensu, Tarayyar Sobiyet kuma ta amince. Babu Bakoriye ko ɗaya da aka tambaya. Layin ya ratsa gonaki da koguna da hanyoyin jirgin ƙasa, ya raba al'umma mai harshe ɗaya wadda ta shafe ƙarnuka a ƙarƙashin sarauta ɗaya. Mu da Bature ya ja wa layi tsakanin Katsina da Maraɗi mun san ɗanɗanon irin wannan, sai dai mu har gobe muna tsallakawa biki da ta'aziyya, su kuwa ko wasiƙa ba ta tsallakawa.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Koriya ya riga ya tsage tun zamanin Japan. Akwai masu manyan gonaki da suka yi arziki a inuwar 'yan mulkin mallaka, akwai manoma 'yan haya da suke miƙa kusan rabin amfanin gonarsu ga mai ƙasa, akwai Koriyawan da suka yi wa Japan aikin 'yan sanda suna azabtar da 'yan uwansu, akwai kuma waɗanda suka yi yaƙin sunƙuru a tsaunukan Manchuriya. A Arewa, gwamnatin Kim Il Sung ta ƙwace gonakin masu ƙasa a watan Maris na 1946 ta raba wa manoma, abin da ya sa dubban masu dukiya da Kiristoci suka tsere Kudu da ɗacin rai. A Kudu kuwa, hukumar sojan Amurka ta ci gaba da aiki da yawancin 'yan sandan da suka bauta wa Japan, wato mutumin da ya doke ka jiya da sunan Sarkin Japan shi ne yake dukanka yau da sunan 'yanci. Da aka kafa gwamnatoci biyu a 1948, ta Syngman Rhee a Kudu ranar 15 ga Agusta da ta Kim Il Sung a Arewa ranar 9 ga Satumba, kowannensu ya ce shi kaɗai ne halattaccen shugaban Koriya gaba ɗaya, kuma kowannensu yana neman hanyar haɗe ƙasar da bakin bindiga.

Jini ya fara kwarara tun kafin ranar da littattafan tarihi suke cewa an fara yaƙi. A tsibirin Jeju da ke Kudu, tawaye ya ɓarke ranar 3 ga Afrilun 1948, masu ra'ayin gurguzu suka kai wa ofisoshin 'yan sanda hari domin adawa da zaɓen da za a yi a Kudu ita kaɗai. Martanin gwamnati shi ne ƙona ƙauyukan da ke gindin tsaunin Halla da harbe duk wanda aka samu can, da taimakon wata ƙungiyar matasa da suka gudo daga Arewa suna neman wanda za su huce a kansa. Rahoton da gwamnatin Koriya ta Kudu da kanta ta fitar a 2003 ya ƙiyasta mamatan tsakanin 25,000 da 30,000, kusan mutum ɗaya cikin kowane goma na tsibirin, kuma a shekarar ne shugaba Roh Moo-hyun ya nemi gafara a madadin ƙasa. Shekara hamsin da biyar ke nan iyalan mamatan suna haɗiye kukansu, domin wanda ya yi makokin ɗan gurguzu a fili shi ma ya zama abin zargi.

Game da wanda ya fara kai farmaki kuwa, babu sauran gardama. Takardun Tarayyar Sobiyet da aka buɗe bayan rushewarta sun nuna cewa Kim Il Sung ya yi ta roƙon Stalin, shugaban Sobiyet, ya ba shi izini, har ya samu a farkon 1950, Mao Zedong na Sin ma ya yarda. Da asubahin 25 ga Yunin 1950 sojojin Arewa suka tsallaka layin da tankokin yaƙi ƙirar Rasha, cikin kwana uku suka kama Seoul. Masu kare Arewa a cikinmu su riƙe wannan. Su ma masu kare Kudu su riƙe abin da ya biyo baya: Rhee ya sulale daga birnin yayin da rediyo ke kwantar wa mutane hankali, sa'annan sojojinsa suka tarwatsa gadar kogin Han cikin daren 28 ga wata, tana maƙare da masu gudun hijira, ɗaruruwa suka hallaka, sauran mazauna birnin kuma suka maƙale a hannun abokan gaba. Da aka ƙwato birnin bayan wata uku, waɗannan da aka yasar ɗin ne aka riƙa tuhuma da haɗa baki da maƙiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin ƙungiyar Bodo. Gwamnatin Rhee ta kafa ta a 1949 da sunan gyara tunanin waɗanda suka taɓa karkata ga gurguzu, aka yi wa mutum kimanin 300,000 rajista. Jami'ai a ƙauyuka an ba su adadin da za su cike, saboda haka aka riƙa yi wa manoma alkawarin hatsi ko taki idan suka bari aka rubuta sunansu. A duba mutumin da bai iya karatu ba, yara suna kukan yunwa, aka miƙo masa takarda aka ce ya buga hatiminsa ya karɓi mudun sha'ir. Da yaƙi ya ɓarke, wannan takardar ta zama jerin waɗanda za a kashe, don kada su taimaki sojojin Arewa. Aka kira su taro kamar yadda aka saba, aka ɗaure su, aka kwashe su a motoci zuwa kwaruruka da ramukan haƙar ma'adinai da bakin teku. Ƙiyasi mafi ƙanƙanta yana cewa dubban gomomi ne suka mutu, wasu masu bincike suna kai adadin fiye da 100,000. Sai bayan da aka kafa hukumar binciken gaskiya da sasantawa a 2005 aka fara tono ƙasusuwansu da sunan hukuma, a wurare irin su kwarin da ke kusa da birnin Daejeon.

A wannan birni na Daejeon ɗin dai, da sojojin Arewa suka zo janyewa a watan Satumban 1950, su ma suka kashe fursunonin da suke tsare da su, 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati da duk wanda suka kira maƙiyin juyin juya hali. A yankunan da suka mamaye sun kafa kotunan jama'a inda ake yanke wa mutum hukuncin kisa da ihun taro, sun tilasta wa samari shiga soja, sun kuma tasa ƙeyar dubban gomomin malamai da likitoci da 'yan siyasa zuwa Arewa, ba a sake jin ɗuriyar yawancinsu ba. A ƙauyukan tsaunin Jiri da ke Kudu, da dare 'yan sunƙuru ke zuwa neman shinkafa, da rana sojojin gwamnati ke zuwa neman wanda ya ba da shinkafar. Gaba kura, baya sayaki. Wanda ya hana ya mutu da dare, wanda ya bayar ya mutu da rana, kuma sau da yawa mai nuna shi da yatsa maƙwabcinsa ne da suke da tsohuwar rigimar iyakar gona.

Labarin fagen daga sananne ne. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a taimaki Kudu a lokacin da Sobiyet ke ƙaurace wa zamansa, ƙasashe 16 suka aika mayaƙa, ciki har da Turkiyya da Habasha, wadda Sarki Haile Selassie ya tura bataliyar Kagnew. Janar Douglas MacArthur na Amurka ya sauke dakaru a Incheon, tashar jiragen ruwa da ke kusa da Seoul, ranar 15 ga Satumban 1950, ya juya akalar yaƙin, amma maimakon a tsaya a layin 38 sai aka nausa har kusa da kogin Yalu, iyakar Sin. Sin ta kwararo da sojojinta a watan Oktoba ta mayar da su baya, har Seoul ta sauya hannu sau huɗu cikin wata tara. A gudun hijirar tashar jiragen ruwa ta Hungnam da ke Arewa, cikin sanyin Disambar 1950, wani jirgin dakon kaya guda ya ɗauki mutum 14,000 a tsaye kamar itace, aka haifi jarirai biyar a kan teku. Iyayen Moon Jae-in, wanda ya zama shugaban Kudu a 2017, suna cikin waɗanda suka bar Hungnam a lokacin.

Daga tsakiyar 1951 fagen daga ya daskare kusa da inda aka faro, amma aka ƙara shekara biyu ana mutuwa yayin da ake tattaunawa a Kaesong, daga baya a Panmunjom. Jiragen Amurka sun zuba wa Koriya bama-bamai tan 635,000, mafi yawa a Arewa, ban da ruwan wuta na napam fiye da tan 32,000, suka mayar da birane toka, a 1953 kuma suka fasa madatsun ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa. Wanda yake mamakin ƙiyayyar da Pyongyang, babban birnin Arewa, ke yi wa Amurka ya fara daga nan, ko da yake hakan bai zama uzuri ga abin da gidan Kim ya yi wa mutanensa daga baya ba. Babban abin da ya ja tattaunawar shi ne batun fursunoni, domin dubbai sun ce ba za su koma Arewa ko Sin ba, kuma a sansanin tsibirin Geoje fursunonin da kansu sun rabu biyu suna kashe juna cikin dare, wasu har ana yi musu zanen kalaman ƙin gurguzu a fata da ƙarfi don kada su iya komawa gida.

An sa hannu kan tsagaita wuta ranar 27 ga Yulin 1953. Koriya ta Kudu ba ta sa hannu ba, yarjejeniyar zaman lafiya kuwa har yau ba a ƙulla ta ba. Mutum tsakanin miliyan biyu da rabi zuwa uku suka mutu, galibi farar hula, iyaka kuma ta koma kusan inda take, sai dai yanzu ta zama zirin ƙasa mai faɗin kilomita 4 da tsawon kimanin 250, cike da nakiyoyi. Laƙabin bai mutu da yaƙin ba. A Kudu, ɗan wanda aka zarga da gurguzu ya daɗe ba ya samun aikin gwamnati, har sai da tsarin mulkin 1980 ya haramta kama mutum da laifin danginsa. A Arewa an kasa jama'a aji-aji gwargwadon abin da kakanninsu suka yi lokacin Japan da lokacin yaƙi, kuma jikan mai gona ko jikan wanda ya gudu Kudu yana ɗauke da tabon a makaranta da wurin aiki da wurin neman aure. Shi ya sa nake jin nauyin yadda muke saurin yi wa ɗayan ɓangaren tafi, kamar ƙungiyar ƙwallo muke goyon baya.

A 1983 gidan talabijin na KBS a Seoul ya buɗe wani shiri na neman dangin da suka ɓace, da niyyar ya yi dare ɗaya, sai ya kai kwana 138. Mutane suka mamaye harabar gidan, suka lulluɓe bango da ƙasa da takardu masu ɗauke da sunan uwa ko ƙanwa, da tabon da ke bayan kunne, da sunan gadar da aka rabu a kanta. Iyalai fiye da 10,000 suka gano juna, kuma galibin waɗannan a cikin Kudu kaɗai suka ɓace wa juna shekara talatin. Waɗanda danginsu ke Arewa sai jira. Fiye da mutum 130,000 suka yi rajistar neman ganawa, aka riƙa zaɓen 'yan kaɗan ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, a ba su sa'o'i ƙalilan cikin kwana uku a tsaunin Kumgang da ke Arewa, sa'annan a mayar da kowa motarsa, tsoho ya manna tafinsa a gilashin bas, ƙanwarsa ta manna nata daga waje. Ganawa ta ƙarshe an yi ta a watan Agustan 2018, kuma fiye da rabin waɗanda suka yi rajistar sun riga sun rasu.