Masu cewa Hausa ba ta ɗaukar zurfin tunani, sun taɓa duba nahawunta?

Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wata magana ke ta yawo a bakin wasu ƴan bokonmu na Maradi, a fada wajen shan shayi da kuma a Facebook. Wai Hausa ta ciniki ce da hira, amma in aka zo ga doka ko kimiyya ba ta da ƙwarin da za ta ɗauka, don ba ta tantance abu dalla-dalla kamar Faransanci. Maganar nan ta ishe ni. Abin da ya fi ɓata mini rai, yawancin masu faɗinta sun san nahawun Faransanci ciki da bai, amma ko sau ɗaya ba su zauna sun kalli na harshen da suka sha a nono ba.

Hujjarsu kullum ɗaya ce: babu kalmar kaza, babu kalmar kaza. Wannan ba hujja ba ce, Faransancin ma daga Girkanci da Latin da Larabci ya kwaso nasa kalmomin ilimin. Kalma aro ake yi ko a ƙirƙira. Inda ake gane yadda al'umma ke tunani shi ne ginin jimla, wato abin da harshe ke tilasta wa mai magana ya fayyace ko da bai yi niyya ba.

A shiga babbar kasuwar Maradi a saurari dillalan aya da wake. Wane ya sayi aya. Ya sayo ta daga ƙauye, wato kayan sun taho inda muke. Ya saye ta, bai bar wa kowa ko tiya guda ba. Ya sayar da ita, ko ya saida kamar yadda muke cewa a nan, ta fita hannunsa. Saiwa ɗaya ce, ƙarshen kalmar kawai ke sauyawa, amma kowane sauyi na gaya maka inda kaya suka nufa da ko an ƙarar da su. Wannan tsari ne masanin harshe F. W. Parsons ya kasa rukuni 7 a shekarar 1960, kuma har yau da shi ake koyar da aikatau na Hausa a jami'o'i. Tsohuwar da ke saida ƙuli a Tsibiri ba ta san sunan Parsons ba, amma ba ta taɓa kuskure rukuni guda.

Wai doka ce ba za ta ɗauku ba? To ai shari'a gaba ɗayanta tambaya ce ta wa ke da alhaki, kuma nan ne nahawun Hausa ya fi kaifi. Yaron da aka aika da jika biyar ya dawo ya ce kuɗin sun ɓace, uwarsa za ta ce a'a, kai ka ɓatar da su. Tulu ya fashe daban, ka fasa tulu daban. Makaniki in ya ce bai gyara babur ba, laifi na iya zama nasa. In ya ce ba ya gyaruwa, ya ɗora wa baburin. Kowane mai sasanta rikici a fadar Sarkin Katsinan Maradi da waɗannan bambance-bambance yake aiki kullum. Haka kuma “an ci kuɗin” da “su ne suka ci kuɗin”. Ta farko ta ɓoye mai laifi, ta biyu ta nuna shi da yatsa, har “sun” ta koma “suka” don jaddadawa. Ƴan siyasa sun fi kowa sanin amfanin “an”.

Saboda haka in sanarwar hukuma ta fito a rediyo da Hausa mai ɗaure kai, kada a zargi harshen. Wanda ya fassara ne ya yi tunani da Faransanci ya lulluɓa masa kalmomin Hausa, ya jera doguwar jimla da ba a gane mai aiki daga wanda aka yi wa. Manomi ya saurara bai fahimta ba, sai ɗan boko ya ce ka gani, dama na faɗa. Wannan rashin adalci ne, kuma raini ne ga mutanen da ake cewa don su aka yi gyaran.

Abin da nake faɗi kan Hausa ya hau kan Zabarmanci da Fulatanci da Tamajaƙ da Barbarci, kowanne da irin nasa tsarin. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a makarantun firamare, amma an bar abin yana tafiyar hawainiya shekara da shekaru. Yanzu da doka ta ba da dama, a sa nahawun Hausa a lakwal tun daga ƙananan azuzuwa, da malaman da aka horar don haka. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan garin ta ɗauki nauyin horar da masu fassara da tafintocin kotu, kuma kada a sake ba kowa aikin fassara sanarwa don kawai an haife shi a gidan Hausawa.