Me ya sa sai a ajin ƙarshe muke koya wa ɗalibai bincike?

Makon jiya ƙanwata ta kira ni daga Tudun Wada, muryarta duk a sanyaye. Tana ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a Kaduna, an amince da taken furojet ɗinta, wato binciken kammala karatu, an ce ta kawo babi na ɗaya zuwa na uku kafin hutu. "Yaya, wallahi ban san ta inda zan fara ba," in ji ta. "Ƙawayena sun ce akwai mai shagon kwamfuta da ke haɗa wa mutum komai, har takardun tambayoyin ma shi zai cike."

Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. Shekara uku tana zuwa lakca, tana haddace abin da malam ya raba, tana cin jarrabawa. Amma a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa ɗora mata tambayar da babu amsarta a cikin takardar malam ba. Yanzu rana tsaka an ce ta zama mai bincike. Ni ma haka na fito daga makarantarmu, shi ya sa maganarta ta tsaya mini a rai.

Ina zaune a Maastricht, wani ƙaramin birni a kudancin ƙasar Holan, inda na zo ƙaro karatu. Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1976, ta yi suna da koyarwa ta hanyar warware matsala. Ba su suka ƙirƙiro tsarin ba. Makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ce ta fara shi a 1969, daga nan ya bazu. Yadda ake yi shi ne, ɗalibai goma sha wani abu su zauna a ɗaki ɗaya, a ba su wata matsala a rubuce, rabin shafi ko ma ƙasa da haka. Ɗaya daga cikinsu ya jagoranci zaman, wani ya riƙa rubutu a allo. Su fara da kalmomin da ba su gane ba, su tsayar da ainihin abin da ake tambaya, kowa ya faɗi hasashensa, sannan su fitar da jerin abubuwan da ya kamata su je su nemo. A watse, kowa ya shiga laburare ko intanet. Bayan kwana biyu ko uku a dawo, kowa ya baje abin da ya samo.

A zaman dawowar nan ake koyon bincike. Kana faɗin magana, wata yarinya 'yar shekara goma sha tara za ta ce, "A ina ka samo wannan?" In ka ce a wata mujalla, ta ce mutum nawa aka yi nazarin a kansu, kuma a wace shekara? Malamin yana zaune a gefe, da wuya ya sa baki sai in an kauce hanya. Zaman farko da na shiga, shirun malamin ya fi komai damuna, domin na saba ilimi daga bakin malam yake fitowa. Sai daga baya na lura cewa ɗalibin da ya sha irin wannan tambaya sau biyu a mako tun shekarar farko, in ya kai ga rubuta kundinsa, ba sabon aiki aka ba shi ba. Ya riga ya san bambancin hujja da jita-jita, ya san yadda ake rage babbar tambaya ta koma wadda za a iya amsawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Ka shiga Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, ka ga yadda yaro ke koyon sana'a. Ba a zaunar da shi shekara uku ana karanta masa yadda ake walda. Ana miƙa masa abin da ya lalace ne, ya juya, ya gwada, ya kasa, ya tambayi na gaba da shi, maigida ya leƙo ya gyara masa hannu. Kuma matsalolin da za a ba ɗalibai, ga su nan a ƙofar gida. Me ya sa kogin Kaduna ke shiga gidaje a wajen Kigo Road idan damina ta yi nisa? Ina ma'aikatan masaƙun Kakuri suka koma bayan an rufe masaƙun? Ɗalibin tarihi yana da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, yana da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, duk a cikin gari. Ɗalibai nawa ne suka taɓa taka ƙafa can kafin ajin ƙarshe?

Na san abin da malamanmu za su ce, kuma suna da gaskiya. Mutum ɗaya yana koyar da ɗalibai ɗari uku, ga rashin wuta, ga yajin aiki, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Ina zai samu ɗakuna ashirin da masu kula ashirin? Tsarin ma kansa yana da nasa aibi. Na ga rukunin da mutum biyu ke yin aikin, sauran suna laɓewa a bayansu, kuma akwai darussa irin su lissafi da sai an zauna an koyar da tushe tukuna. Don haka ba cewa nake a rushe lakca ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne: darasi ɗaya a kowane zango, tun daga ajin farko, a gina shi a kan tambaya ta gaske. A raba ajin goma-goma, ɗaliban digiri na biyu su kula da rukunonin, a zauna ko a ƙarƙashin bishiya ne. Wayar da ke aljihun kowa ta isa a fara nema. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, to ga wurin da za a sa shi.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ke gyara shi ba. Mun tashi da cewa yaro ba ya ja da babba, kuma wannan tarbiyya ce da ba zan so ta ɓace ba. Amma tambayar "Malam, ina hujjar wannan?" ba rashin kunya ba ce. A zaurukan malamanmu na addini ma ana kawo mas'ala, a buɗe littafi, a nuna inda aka samo. Mu da muke cewa matambayi ba ya ɓata, bai kamata ajin boko ya zama wurin da ɗalibi ke tsoron ɗaga hannu ba.

Furojet ɗin ƙanwata a kan ruwan sha ne. Na ce mata ta ajiye babi na ɗaya tukuna, ta manta da mai shagon. Ranar Asabar ta fita layinsu ta sami 'yan garuwa goma, ta tambaye su inda suke ɗebo ruwa, nawa suke sayen jarka, nawa suke sayarwa, da gidajen da suka fi kira. Ta ce, "Yaya, wannan ma bincike ne?" Na ce ta je ta dawo, ranar Lahadi da daddare za mu zauna a waya mu ga abin da ta samo.