Ranar da na je ɗaukar hoton aku a Kakum

Shekara 12 ina ɗaukar hoton biki a Kano. Amarya mai kuka, ango mai gumi, gwaggon da ke shigowa gaban kowa daidai lokacin da zan danna, duk na san maganinsu. Shi ya sa da biki ya kai ni Zangon Kumasi, taubashina ya ce zai kai ni gandun dajin Kakum da ke arewa da Cape Coast, na bugi ƙirji gaban dangi na ce sai na ɗauko hoton aku a gidan ubansa, ba irin na keji ba.

Tun a bakin dajin abin ya fara lalacewa. Mun fito daga mota mai sanyin AC, ina buɗe kyamara gilashinta ya yi gumi sharkaf saboda danshin wurin. In goge da bakin riga, ya sake yi. Sai da na yi kusan rabin awa ina riƙe da ita kamar mai jinyar jariri kafin ta farfaɗo.

Cikin dajin kuwa duhu ne ko da hantsi, don bishiyoyi sun rufe sama ruf. Kukan tsuntsaye ta ko'ina, amma ko jela ban gani ba. Mai yi mana jagora ya nuna sama ya ce ga shi can, na duba, ganye. Ya sake nunawa, ganye. Sau ɗaya wani ƙaton ɗan'uwan cilakowa ya wuce ta kanmu, fukafukansa na fuu-fuu kamar zugazugin maƙera. Kafin in saita shi ya kai gari na gaba. Ango dai ko ya gaji yakan tsaya in ka ce ya tsaya.

Na sami wani gindin bishiya na kafa ƙafa ina jiran sa'a. Ashe a kan layin kwarkwasa na tsaya. Ba su cije ni a ƙafa ba, sai da suka yi haƙuri suka hau har inda ba a faɗa, sannan suka fara aiki tare kamar an busa musu usur. Taubashina ya tsaya yana tafi.

"Taubashi, ashe ka iya rawar Adowa? Kwana uku kacal a ƙasar Asante!"

Sai gadar sama. Gadoji bakwai ne na igiya da raga, an ɗaure su daga bishiya zuwa bishiya tun 1995, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, tsakaninka da ƙasa kuma ya fi mita 30 a wasu wuraren. Abin takawar katako ne da bai fi faɗin tafin ƙafa biyu ba. An ce daga nan ake ganin tsuntsaye sosai, kuma na yarda, don waɗanda suka buɗe ido sun gani. Ni ina kaiwa tsakiyar gada ta biyu wasu 'yan makaranta suka hau bayana suna tsalle, gadar ta fara lilo. Na durƙusa na rungume igiya, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

"Ga aku! Ga aku guda biyu!" in ji taubashina.

Na ce ya gaishe su.

Da daddare na duba abin da na samo: ganye kala-kala, takalmina sau huɗu, da wani baƙin ɗigo da har yau nake rantsuwa tsuntsu ne. Hoto ɗaya ne ya fito tas a tafiyar, shi ne wanda taubashina ya ɗauke ni da tsohuwar wayarsa ina durƙushe, ido a rufe, kyamarar dubban ɗaruruwa na reto a wuyana. Kafin mu koma Kumasi ya riga ya sa shi a WhatsApp na dangi. Gwaggona ta kira tana tambaya ko ana iya wanke mata shi babba.