Janar Attahiru: a yaba masa daidai gwargwado

Allah ya jiƙan Laftanar Janar Ibrahim Attahiru. Amma malam marubuci, da ka ce shi ya karya lagon Boko Haram, ai ka zarce. A Janairun 2021 Buhari ya naɗa shi babban hafsan sojin ƙasa, ranar 21 ga Mayu jirginsu ya faɗi a Kaduna. Ko wata huɗu bai cika ba!

Ni abin da ya fi burge ni shi ne 2017. Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya ba shi kwana 40 ya kamo Shekau, shugaban Boko Haram, abin bai yiwu ba, daga baya aka sauke shi daga jagorancin rundunar Lafiya Dole mai yaƙi da Boko Haram. Bai ajiye kaki ba, har ya gaji kujerar Buratai ɗin.