Lambar da ka rubuta shaida ce

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu kwana a ɗakin gwaji da gaban kwamfuta.

Ku koma Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28. Allah Ya ambaci ruwan sama, da 'ya'yan itace masu launi iri-iri, da zanen jikin duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, da mutane da dabbobi. Sannan Ya ce malamai ne ke jin tsoronSa daga cikin bayinSa. Kai mai nazarin tsirrai, ke mai haɗa sinadarai, kullum kuna kallon abin da idon sauranmu bai kai gare shi ba. Hujja ta fi hawa kanku.

Na san inda jarrabawar take. Ƙarfe biyu na dare, wata shida kana maimaita gwaji ɗaya. Sakamako tara sun zo yadda kake so, na goman ya ƙi. Malami na jiran babi na huɗu na kundin bincikenka, kuɗin tallafi ya ƙare, yatsanka na kan maɓallin gogewa, Shaiɗan na raɗa maka cewa ai ba wanda zai sani.

Ɗan uwa, ɗage hannunka. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. Idan na'ura ce ta samu matsala, cire lambar, amma ka rubuta cewa ka cire, ka faɗi dalili.

A 1998 wani likita a Ingila ya buga bincike kan yara 12 kacal, ya alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Sai a 2010 aka janye takardar, aka soke lasisinsa. Kafin nan iyaye da yawa sun hana a yi wa 'ya'yansu allura, ƙyanda ta dawo inda aka kusa mantawa da ita. Wa zai ɗauki alhakin yaran nan ranar gobe?

Kuma wa ya sani, ƙila a cikin wancan sakamako na goman alherin yake. A 1928 Fleming, wani masanin ƙwayoyin cuta, ya tarar da funfuna ta ɓata masa farantin ƙwayoyin cuta. Bai wanke shi ba, ya tsaya ya duba, daga nan aka kama hanyar fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Masu lissafi da kwamfuta, ku ma ba ku tsira ba. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin lissafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, ya ware kaso mai yawa na aikinsa ga lissafin gado da wasiyya, wato haƙƙin mutane. Manhajar da kake rubutawa yau za ta iya lissafa albashin wani ko awon maganin jariri. In ka ga kuskure a ciki, ka bayyana shi, ko da zai jinkirta maka digiri.

Ya Allah, kada Ka sa takardunmu su yi shaida a kanmu ranar da baki ba zai yi magana ba.